Ɗinkin da na gani a cikin Yaya

Na fi wata biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuta wannan. Ranar nan dai ba zan manta da ita ba, ko na so.

Yayana Sabo ya faɗo daga babur a wajen Ƙofar Na'isa, jini ya taru masa a ka, aka yi masa tiyata. Ni nake jinyarsa. Ni kuwa mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo sau uku na taɓa kwaɗon.

A kwana na uku ina goge masa jiki, na ɗaga rigarsa. Sai ga filasta a gefen cikinsa, da ɗinki, wurin har ya ɗan tasa. Kai aka yi wa aiki, me ya kai wuƙa ciki? Nan take duk labaran satar ƙoda da ake yi a majalisarmu ta Koki suka faɗo mini.

Ban tambayi kowa ba. Na fita baranda ina salati, ina ihu, "Jama'a, an cire wa Yaya ƙoda!" Lokacin dubiya ne kuma, wurin cike (har da surukin Yaya, riƙe da filas ɗin kunu). Likitan da ya yi masa aikin na isowa na cafke hannun rigarsa.

"Malam, sake ni mana," in ji shi, ko murya bai ɗaga ba. "Ƙashin kansa ne a wurin."

"Ƙashin me?"

"Ƙwaƙwalwarsa ce ta kumbura, muka cire wani ɓangare na ƙoƙon kan don ta sami sarari. Mun ajiye shi a ƙarƙashin fatar cikinsa kada ya lalace. In kumburin ya sauka mu mayar. Ba kai na yi wa bayani ka sa hannu ba?"

Ni ne kuwa. Ranar ina ta gyaɗa kai ne kawai, tsoro ya toshe mini kunne.

Na saki rigar, har ina gyara masa inda na yamutsa. Surukin ya ce, "Wanda ya ceci ɗan'uwanka ka shaƙe?" Har aka sallame mu nas-nas "Sarkin ƙoda" suke kirana. Na dai koyi cewa tambaya a hankali ta fi tara jama'a sauƙi.

Wata mai zuwa za a mayar da ƙashin. Don Allah, duk wanda aka taɓa yi wa nasa irin wannan aikin ya sanar da ni: yana zama daram kuwa? Kuma sai yaushe zai iya sa hula? Likitan ya kamata in tambaya, amma har yau ban iya haɗa ido da shi ba.