Lambar Sojan Jamus a Jikin Firji

Lokacin kullen korona a unguwarmu ta Sri Petaling, 'yan bidiyoyi na kalla na naɗa kaina masanin tsofaffin lambobin sojan Jamus. Har na yo odar guda. An ce ta gaske ƙarfe ce, maganaɗisu na kama ta. Ba ni da maganaɗisu, sai na kara ta jikin firji. Ta manne gam!

Na ƙwala wa matata kira, ina hura hanci.

Ta juya bayan lambar ta ce, "Baban Ummi, yaushe ƙarfe ya fara kama ƙarfe? Ai adon firji ne, ga maganaɗisu nan a bayanta."

Har yau in mun yi baƙo sai ta ce, "Janar, kai shi kicin ya ga kayan tarihi."