Farfesa Ya Saki Shinkafa

"Ni da shinkafa mun rabu, saki uku!" Haka mai askin layinmu ya shelanta, yana kaɗa almakashi sama. Farfesa muke kiransa, don bidiyo ɗaya a waya ya ishe shi ya zama gwanin komai. Wannan karon ya gano cewa shinkafa da burodi da dankali da taliya su ne maƙiyan ɗan Adam. Mu kuwa masu tumbi muna kan benci muna gyaɗa kai, kowa da ɓurɓushin burodin safe a gemu.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Baban yara, ragewa aka ce, ba dainawa ba. Kana wuni a tsaye, da me jikin zai yi aiki?"

"Ke dai tsaya kan allurarki," in ji shi.

Rana ta farko, ƙwai da kokwamba da cika baki. Rana ta uku ya fesa wa madubi turare, ya bar mai kan zaune yana kallonsa. Ta huɗu muka kama shi a ƙofar gidan burodi yana jan numfashi, ya ce bincike yake yi.

Rana ta biyar sai ga surukinsa. Shekara goma sha ɗaya dattijon yana ƙin miƙa masa kansa, yau ya yarda saboda gobe zai ɗauki hoton fasfo. Ya shafa gashin bakin da ya yi shekara talatin yana reno, ya ce, "Daidaitawa kawai, ka ji ko?"

"Baba, kwantar da hankalinka, hannun Farfesa ne!"

Farfesa kuwa yunwa ta riga ta ci ƙarfinsa. Ya duba, ya ga gashin baki har uku, ya zaɓi na tsakiya. Zuuu! Rabin gashin bakin ya sauka ƙasa, Farfesa ma ya bi shi, rim.

Ya farfaɗo matarsa na ɗura masa shayi, ga burodi yana cusawa hannu biyu. "Kaicona," ya ce, baki cike, "ashe duk ilimin nawa a tukunyar shinkafa yake."

Surukin na tsaye da rabin gashin baki, injin aski na ƙara a hannunsa.

"Ci ka ƙoshi, ɗana," ya ce a hankali. "In ka gama, hau kujera. Ni ma tun safe ban sa komai a bakina ba."