Rasuwar Mailafiya, Baƙin Keken Gidan Malam Hambali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da sanyin ƙashi, ni Kulu, matar marigayi Malam Hambali maɗinkin hula na unguwar Zaitawa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa raɓewa jikin bango don ya ba shi hanya, rasuwar Mailafiya, baƙin keken gidanmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu ranar Alhamis ɗin makon jiya bayan la'asar, a cikin soron da ya yi rayuwarsa, lokacin da bangon gabas ya sha ruwa ya kwanta a kansa.

Malamai su yi mini afuwa. Na san ƙarfe ne, ba a yi masa salla, ba a ɗinka masa likkafani. Dole ce ta sa na ɗauki biro, domin akwai wadda take can tana kukan mutuwata alhali ina zaune ina shan koko. Yayata ce, Adda Ma'u, wadda ɗanta ya ɗauke daga cikin gari ya mayar hayin babban titi, bayan Ƙofar Na'isa. Idonta ya tafi, kunne ɗaya ya bi shi. Duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, kuma yana shiga gidan, ya zauna ta wajen kunnenta na dama ya karanta mata a hankali. Adda, Kulu ce. Ina nan da raina. Keken ne ya riga mu.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Da tsufansa Malam ya sayo shi a hannun wani ma'aikacin reluwe, tun ina goyon fari. Malam ne ya raɗa masa suna Mailafiya, saboda bai taɓa kayar da shi ba, kuma bai taɓa taka ɗan kowa ba. Ya rayu cikin ƙana'a. Abincinsa iska, abin shansa ɗigon man keken ɗinki. Duk wahalar fetur da aka yi a ƙasar nan, ba a taɓa ganin sa a layin gidan mai ba. Bai busa wa kowa hayaƙi a fuska ba. Ya kai huluna kasuwar Kurmi, ya kai gero injin niƙa, ya ɗauko ungozoma a kan kariya tana salati tana zagin Malam, ya ɗauko ragon layya a ɗaure yana kuka. Ba lungun da ya fi ƙarfinsa. Inda mota ke tsayawa a bakin titi tana hon kamar mai bin bashi, shi sai ya shige har ƙofar gida cikin ladabi.

Ba mai yawan magana ba ne. In ya karyo kwana sai ya ce ƙirrin-ƙirrin, sau biyu, ba ya ƙarawa. In an taka masa birki ya ce ƙiiiƙ, kamar tsoho zai zauna. In an saki feda a gangare sai ka ji tsik-tsik-tsik, wannan kam ni tasbihi nake ɗaukar sa. Da ya manyanta ya ƙaro wata caka-caka daga baya, muka bar shi da ita, kowa ma in ya tsufa yana da tasa.

Saboda shi Malam ya sa aka sare dokin ƙofar soronmu, ya zama daidai da ƙasan lungu. Ya ce abin da ya ɗauke ka wuni guda, bai kamata ka cicciɓe shi kana nishi a bakin ƙofa ba, a bar shi ya shigo da ƙafarsa. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Bayan rasuwar Malam, ƙaninsa Malam Nu'uman ne ya gaji hawa, amma keken a soronmu yake kwana, don nan ya sani. A hannunsa marigayin ya kama aikin da ya mutu a kansa, wato ciyayya. Ni da Adda tun muna amare muke yin ta. Duk Juma'a nakan soya funkaso, in yi miyar taushe, in zuba a langar mahaifiyarmu, wadda furanninta suka koɗe, in ɗaure da ɗankwali. A gidanmu ba a mayar da kwano wayam, don haka sai ta dawo da ɗan ƙullin daddawa, ko kuka, ko goro ɗaya in abin ya yi wuya. Da muna da ƙafa, da kaina nake kaiwa. In bi lungu cikin inuwa, in gaisa a nan, in yi barka a can, in duba mai jego, kafin in isa na ji labarin rabin gari kuma miya ba ta huce ba. To sai aka mayar da ita hayi. Aka faɗaɗa titi, aka sare bishiyoyin maina, aka kafa shingen ƙarfe a tsakiya kamar ana tsare shanu, aka yi gadar masu ƙafa mai matattakala kamar za a hau hasumiya. Wanda ya zana gadar nan, na rantse bai taɓa rakiyar kakarsa ba.

Jikata Zubaida, mai aikin kwamfuta, ta buɗe mini taswira ta nuna mini wani shuɗin zare, ta ce, “Kaka, kin ga fa, kusa ne, tafiyar 'yan mintuna ce.” Na ce mata kwamfutar nan taki ba ta da gwiwa. Ta kuma nuna mini wasu garuruwan Turawa, wai yanzu suna korar motoci daga tsakiyar gari, suna matse tituna, manyan mutane da kwat suna hawa keke, ana yaba musu. Na ce, ikon Allah, wato abin da muke rushewa da katafila shi suke ginawa da ilimi. Mu da aka haife mu a cikinsa, an ce mana ƙauyanci ne.

Mailafiya kaɗai ya rage mai iya wannan tafiya. Malam Nu'uman ya ɗaure langa a kariya, ya fita titi ya raɓe gefe, 'yan a daidaita sahu na yi masa ihu, “Baba, a koma gida a yi lazimi!” Ya yi ta tafiya har inda shingen ya ƙare, ya juyo ta ɗaya hannun. In ya isa ƙofar gidan ya ce ƙirrin-ƙirrin. Da wannan ƙarar Adda take gane Juma'a ta yi. Sai ta shafa ƙullin ɗankwalin, don ni bahaguwa ce, ƙullina daban yake, ta ce Kulu na nan lafiya. In langa ta dawo ni ma in shafa nata.

Jinyar marigayin doguwa ce, kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba, shi da garin suka kwanta tare. Da fari zafi ne. Bazarar yanzu ba irin wadda muka sani ba ce, kwalta har taushi take yi, tayarsa ta sha faci har Abdulbaqi mai gyaran keke ya ce facin ya fi tayar yawa. Sai kuma ruwa. Da can damina takan zo da sallama, ta yi yayyafi, ta huta, ta dawo. Yanzu sai ta yi shiru har a fara roƙon ruwa, sannan ta juye na wata guda a yini ɗaya. Zubaida ta ce sunan abin sauyin yanayi, wai hayaƙin duniya ne ya taru a sama. Na ce to ai bawan Allah nan bai taɓa ba da gudummawar hayaƙi ko na taba sigari ba, me ya sa za a fara da shi?

Kuma ruwan ya zo ya tarar an cinye masa masauki. Kududdufin bayan unguwa, inda ruwan lungunanmu ke taruwa tun kakanni, an cike shi da shara da ɓaraguzai, an yanka, an gina shaguna. Duk zaɓe sai masu neman kujera su shigo da manyan riguna, su tsaya a bakin kwata suna toshe hanci ana ɗaukar su hoto, su ce magudanar ruwa ce aikin farko. Su raba taliya da sabulu, su manna fosta a bangon soronmu. Wannan jam'iyya ta manna, waccan ta zo ta manna a kai. Ni dai shaida ce, fosta ba ta riƙe bango.

Da mutane suka ga ba mai zuwa, sai kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo da siminti. Na dama ya ɗaga, na hagu ya ɗara shi, kowa ya zubo matattakala cikin lungu har hanya ta zama sai a karkace. Ba wanda ya tambayi inda ruwan zai tafi. Aka yi ta cewa, Hajiya Kulu, ki ɗaga naki. Na ce Malam Nu'uman ya tsufa, ba zai iya cicciɓar keke da langar miya ya haye bulo ba, ƙofar da Malam ya sare wa Mailafiya ba ni zan toshe ta ba. Gidanmu ya zama shi ne mafi ƙasa a lungun.

Ranar Alhamis ɗin na riga na kwaɓa alkamar funkaso na rufe. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ruwan lungu duka, da ledoji da robobinsa, ya bi ƙofa-ƙofa yana neman wanda zai karɓe shi, bai samu ba sai mu. Ya shigo soro da ƙafarsa, kamar yadda aka tsara wa keken. Ya kwanta a gindin bango yana ci. Ina daga rumfa, ruwa a idon sawuna, na ji rugugi, sannan na ji ƙirrin, sau ɗaya. Bai samu ya cika na biyun ba.

Da aka tono shi, Abdulbaqi ya durƙusa ya shafa shi tun daga kai har kariya, sannan ya ce, “Hajiya, ƙashin bayan ne ya karye. Ko an yi walda, ba zai sake ɗaukar mutum ba.” Ya kwance ƙararrawar ya miƙo mini, ita kaɗai ce ba ta ji ciwo ba.

Kada wani ya ce a sayi wani. 'Ya'yan Malam Nu'uman sun daɗe suna neman hanyar raba shi da titin nan, tun ranar da wata tifa ta goge masa gefen riga. Tun ƙurar bangon ba ta kwanta ba suka ce, “Baba, Allah ne ya raba, an gama.” Ban ga laifinsu ba. A titin nan mai keke ba mutum ba ne. Yanzu Malam Nu'uman yana zaune a dakali da famfon keken a hannu, yana ta goge shi.

Washegari Juma'a na soya funkasona duk da haka, Zubaida ta fita da shi titi ta ba wani mai a daidaita sahu. Ya kai, Allah ya saka masa. Amma a hanya miya ta ɗan zube, ya kwance ɗankwalin ya sake ɗaurewa. Adda ba ta ji ƙararrawa ba, ta shafa ƙulli ta ji ba nawa ba ne. Ta ture langar ta ce Kulu ta mutu ana ɓoye mata. Aka kira ni a waya aka kara mata a kunne, na yi ta kiran Adda, Adda, har da sunan da Inna take kiran ta da shi. Ta ce a ɗauke mata wannan abu, ai jikokinta sun gaya mata yanzu kwamfuta tana kwaikwayon muryar kowa, har ta matattu. Langar ta dawo mini wayam, karo na farko tun muna amare. An ce tun ranar ba ta cin abin kirki. Ni kuma gwiwata ba ta kai ni bakin titi. Zubaida ta aro keken marasa lafiya, ya ƙi wucewa tsakanin matattakalun maƙwabta, aka mayar wa masu shi.

Marigayin ya bar Malam Nu'uman, mahayinsa na ƙarshe. Ya bar famfo, da sifana, da ragowar robar faci. Ya bar Abdulbaqi, wanda ya ce shi ma zai koma gyaran janareto, don masu keke sun ƙare sai yara. Ya bar tsofaffin mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a gari ɗaya, titi ɗaya a tsakaninsu.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, in ba a yi ruwa ba. Ba a buƙatar mota, ba za ta shigo ba. Baro ma sai an ɗaga shi a wasu wuraren, don haka muna roƙon maƙwabtan da suka ɗaga ƙofofinsu su fito su kama, ko ba komai sun san hanyar da ruwan ya biyo. Za a kai shi wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, su ɗora a sikeli. Ina roƙon kada a gaya mini nauyinsa. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, tunda soro ya tafi. Masu fosta kada su wahalar da kansu, babu bangon mannawa.

Ƙararrawar ba za ta bi shi ba. Zan sa ta a cikin langar Inna, a kan funkaso, in ɗaure da hannuna na hagu. Ina neman mutum ɗaya cikin masu zuwa gaisuwa, mai sauran gwiwa, da zai rungume ta ya hau gadar nan ya sauka, ba tare da ya taɓa ƙullin ba. Ya ɗora a cinyar Adda, ya bar ta ta shafa da kanta, ta kwance da kanta. In ta ji ƙullin za ta san wadda ke raye, in ta ji ƙararrawar za ta san wanda ya tafi. Ya ce mata ta riƙe langar, ba sai ta nemi abin sakawa ba, babu mai dawo da ita.

Kuma don girman Allah, in ya isa ƙofar gidan, ya yi sallama da baki. Kada ya kaɗa ƙararrawar. Za ta zaci Juma'a ce ta dawo.