Tseren Minti Ɗaya, Gaisuwar Wuni Guda

A wani daji da ke bayan duwatsu, akwai wani filin tseren babura da dabbobi suke ji da shi. Fili ne mai siffar ƙwai, an shimfiɗe shi da jar ƙasa. Baburan da ake tsere da su a wurin ba su da birki ko na magani. Huɗu ake saki lokaci guda, su yi zagaye huɗu, kuma duka-duka minti ɗaya ne an gama. Daɗin abin a kwana yake, inda mahayi zai kwantar da babur, ya ja ƙafar hagu a ƙasa, tayar baya ta yi ta watso ƙasa kamar ana shiƙar hatsi.

Damo ne mai kula da wannan ƙasa. Shekara talatin da ɗaya yana bin ta da manjagara, yana yayyafa mata ruwa, ya san inda take son ruwa da inda take ƙin sa. Bai taɓa hawa babur ba, amma in ya ji taya ta kama ƙasarsa yadda ya kamata, sai ka gan shi can gefe yana gyaɗa kai shi kaɗai. Abin da yake rayuwa dominsa ke nan, ba shi da wani.

Ana nan sai takarda ta iso daga Majalisar Daji. Wai an lura babu kowa a bencinan filin sai tsofaffi, saboda haka za a turo Hajiya Jimina ranar tseren ƙarshen damina ta duba. In ba ta ga matasa ba, za a mayar da wurin masussukar gero. Ranar nan Damo ko ƙwaro bai iya haɗiya ba.

Dattawan kwamitin fili su arba'in suka zauna, Malam Kunkuru yana shugabanta. Ya miƙo wuya ya ce, "Jama'a, yaran zamani sun lalace. Mu da muna yara, tun asuba muke zuwa mu jira. Su kuwa ba su san darajar abu ba. Amma tunda an ce sai da su, to, za mu jawo su, ko suna so ko ba sa so, domin mu ne muka san abin da ya dace da su."

Aka yi tafi. Nan take aka kafa ƙaramin kwamitin matasa, aka ba Ungulu shugabancinsa a matsayin mafi ƙarancin shekaru, ita da sanƙonta ya girmi rabin itatuwan dajin. Aka kuma kira Hawainiya, wata masaniya da aka ɗauko daga wani daji, ta yi bayanin cewa matasa launi suke so, don haka a shafa wa bencina fenti. Kafin ta zauna ta sauya kala sau uku, ra'ayi sau biyu, kuma duk an yarda da ita.

Shi kuwa Damo yana daga baya yana ta ɗaga hannu, don ya san abin da ba su sani ba. Bayan shinge, daidai kwana ta biyu, akwai wata tsamiya, kuma duk ranar tsere reshenta har lanƙwasawa yake saboda 'ya'yan kurege da na biri da na tunku. Nan ƙasa take watso musu, su yi ta shewa. Ya taɓa tambayar wata 'yar Kurege me ya hana su shigowa ta ƙofa, alhali ba mai korar su.

Ta ce, "Baba, ai mun gwada. Ka san dokarku: duk yaron da ya shigo sai ya bi layin dattawa, ya tsuguna ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya kafin ya zauna. Ni ranar da na shiga, ina kan tambayar Malam Burtu ya ƙafa aka gama tsere uku. Da na ɗago kai, ƙura kawai na gani."

Da yake bisa girma ake ba da dama, sai da kowa ya gaji aka zo kan Damo. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, yaran nan ba guje mana suka yi ba. Suna nan duk ranar tsere, a kan tsamiyar bayan shinge, sun fi ɗari biyu. Suna son abin fiye da mu ma. Gaisuwar ce take cinye musu tseren. Da za a bar su su zauna tukuna, in an tashi sai su gaishe ku a tsanake."

Malam Burtu ya ce a rubuta bai ji daɗin wannan magana ba. Kunkuru ya yanke cewa batun gaisuwa ba ya cikin ajanda, amma batun tsamiya muhimmi ne, kuma kwamiti yana gode wa Damo da ya tona asirin abin da yake janye yara daga ƙofa. Ka ji fa! Kafin mako ya zagayo an sare tsamiya, an yi bencinan matasa da ita, an shafa musu fenti kala bakwai. Damo ya tsaya a kan kututturen ya yi ta tsine wa bakinsa, don ya san shi ya jawo.

Duk da haka bai karaya ba. Ya ce ko ba komai yaran za su shigo ciki, ko tsere ɗaya suka gani daga kusa, ya isa. Ya gyara ƙasar nan gyaran da bai taɓa yi mata ba, ya tsince tsakuwa da hannu, ya daidaita kwana har sai da ta yi lumus.

Ranar ta zo. Da yake babu bishiyar hawa, matasa suka ɓullo ta ƙofa, ɗari uku ko fiye, suka ja layi har bayan shinge. Na farko ya tsuguna gaban Kunkuru, daidai lokacin da mahaya huɗun farko suka tayar da baburansu. Kunkuru ya ce ya gida, ya ga bakin yaro yana motsi amma bai ji amsa ba. Ya sake tambaya, bai ji ba. Sai ya ɗaga hannu.

"A kashe injinan nan. Ba a gaisawa cikin hayaniya. In an gama sai a yi."

Aka kashe. Mahaya suka jingina babura, suka zauna a inuwa. Aka shiga ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ɗan wane ne kai, ashe kakarka ta rasu. Kowane yaro sau arba'in. Rana ta take, ƙasar Damo ta fara bushewa, ya ɗauko ruwa ya sake yayyafawa. Azahar ta wuce, ya sake. Da la'asar ya yi na uku, yana leƙen layi yana ganin ko rabi bai ci ba. Hajiya Jimina kuwa tana tsaye da dogon wuyanta tana ƙirge, tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin yara masu tarbiyya haka ba.

Rana ta faɗi da saura fiye da ɗari ba su gaisa ba. Mahaya suka tura baburansu gida. 'Yar Kuregen nan ta zo wucewa, gwiwoyinta duk ƙasa, ta dubi filin da ko sawun taya babu, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Damo ya ɗauki manjagararsa ya juya. Tun daga ranar bai sake ganin ɗayansu ba.

Bayan kwana bakwai rahoton Jimina ya fito. An yaba, an janye maganar masussuka, ba za a sake dubawa ba sai bayan shekara goma. Kwamiti ya zauna nazarin sirrin nasara. Hawainiya ta nuna musu a fili cewa shekara da shekaru ana tsere matasa ba su shigo ba, amma rana ɗaya da ba a yi ba, wuri ya cika. Hujja ta yi ƙarfi, babu wanda ya ja. Aka cire tsere daga cikin tsarin filin tsere.

Damo ya ɗaga hannu, aka ce ya sauke, ai ba a manta da shi ba. Aka ƙara masa girma zuwa mai tsara layin gaisuwa, aka karɓi manjagararsa aka sa a ɗakin ajiya.

An dai ceci filin, kuma har yau babu wanda ya taɓa shi.