Gwaggo da 'Yar Dubai

Duk wanda ya ce ƙasar Gumel ba ta haifi gwani ba, to bai taɓa sauka a tashar Sule Tankarkar ranar kasuwa ba. Da ya sauka, da ya ga wani shago mai koren fenti, da allo a samansa wanda ya fi ƙofar shagon faɗi, an rubuta: Alhaji Injiniya Sirajuddeen, Masanin Kwamfuta na Ƙasa da Ƙasa. Kuma babu ƙarya a ciki, domin Nijar ƙasa ce, ga ta nan kusa, mutanenta kuwa suna zuwa ya tura musu waƙoƙi a waya.

Injiniyancin ya same shi ne ranar da ya kwance wata rediyo ya mayar, har ƙusoshi suka yi ragowa. Alhazancin kuwa ya fi wannan asali. Wata shekara ya raka maƙwabcinsa filin jirgi, ya tsaya bakin shinge yana ɗaga hannu har jirgin ya ɓace, a hanyar dawowa ya sayi hular makawiya ya ɗora. Wani ɗan acaɓa ya kira shi Alhaji don tsokana, shi kuwa ya amsa da gaske. Tun daga ranar, in ka kira shi babu Alhaji, sai kunnensa ya toshe. Amma abin yana cinsa a rai ƙwarai. Duk sanda alhazan gaskiya suka zauna hirar Mina da Arfa, sai ya tuna ya bar aiki a shago.

Duk wannan ɗaukaka kuwa a kan abu ɗaya take zaune: wata tsohuwar kwamfutar cinya, baƙa, mai kauri, 'yar gwanjo da ya saya a Maigatari tun yana gwauro. Mutanen gari Gwaggo suke kiranta. Nauyinta ya isa a danne tabarma da ita ranar iska. Ta taɓa faɗowa daga kan babur a hanyar Gagarawa, aka ɗauka aka kakkaɓe, ta kama aiki. Akuya ta taɓa taka ta. Wata damina rufin shagon ya yi yoyo a kanta, aka zare batirin, aka shanya ta a rana kamar kuɓewa, washegari ta tashi. In ta ɗau zafi fankarta ta yi ta gurnani, amma ba ta taɓa yin yaji ba. Tana da ƙofar faifai, ga ramuka ta kowane gefe, duk abin da ka kawo akwai inda za a soka shi. Da ita ya yi aure, da ita yake cefane, da ita kuma kowace shekara yake haska wa maniyyata majigin bita a Gumel, su ga yadda ake ɗawafi da jifa tun kafin su je, a sallame shi da addu'a da kwanon shinkafa.

Sai bana Alhaji Habibullah Mai Raƙuma, attajirin Maigatari, dattijon da ba ya magana sai ta kama, ya aika wa ƙungiyar da ke shirya bitar cewa shi ma yana son ladan. Zai biya kujerar Makka guda, tukuicin majigin bana. Labarin yana isa Sule Tankarkar, Injiniya ya fara lissafi. Ai babu mai haska majigi sai shi. Ga ranar da hular kansa za ta daina ƙarya ta zo. Abin da kawai ya rage masa shi ne ya ɗauki Gwaggo ya tafi Gumel kamar kullum.

To amma babban mutum ba ya tunani irin namu. Injiniya ya dubi Gwaggo, ya dubi tsagar da ke gefenta wadda aka liƙe da salatif, sai kunya ta kama shi. Ina zai kai wannan gaban attajiri? Ya sayar da riɗin da ya noma kakaf, ya haɗa da ragon da matarsa Rahamatu take kiwo, ya tafi Kano. Ya dawo da wata farar kwamfuta siririya, wadda in ka juya ta gefe sai ka neme ta ka rasa. Ya raɗa mata suna 'Yar Dubai.

Ranar kasuwa ya fito da tebur ƙofar shago, ya shimfiɗa darduma, ya ɗora ta. Jama'a suka taru, har da Malam Cindo ladan, wanda shi ma yana cikin maniyyatan bana. Injiniya ya gyara babbar riga ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku kalla da ido, kada wanda ya taɓa. Wannan da kuke gani, a duk Jigawa babu irinta. Duniya ta ci gaba, ku ne kuke zaune. Yanzu ilimi ba a nauyi yake ba. Ƙarfen da ke jikinta da shi ake ƙera jirgin sama. Ba ta da fanka, don ba ta san wahala ba. Ba ta da ƙofar faifai, don faifai na mutanen da ne. Mu da muka waye mun wuce nan."

Wani ya tambaya, to Gwaggo fa? Injiniya ya yi dariyar manya. Ya sa aka kira Rahamatu, wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya a bayan shagon, ya ɗauko Gwaggo da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ko da yake sai da ya sa hannu na biyu don ta fi ƙarfin yatsun.

"Malam Cindo, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Na ba Rahamatu wannan tarkace halak malak, madadin ragonta. Ta danne murfin tukunya da ita, ko ta yi matashi, ba ruwana. Daga yau ba ni ba ita."

"Na karɓa, Baban Khairiyya. Allah ya saka," in ji Rahamatu. Ta naɗe Gwaggo a zani ta koma wajen zoɓonta. Maɓalli biyu kawai ta sani a jikinta, na kunnawa da na ƙara murya, kuma sun ishe ta. Ta riƙa kunna karatu da wa'azi, masu saye suna daɗewa a tsaye, suna ƙara kofi.

'Yar Dubai kuwa ta fara nuna tarbiyyar gidan masu kuɗi. Rami ɗaya tal gare ta, ɗan mitsitsi, wanda babu abin da ke shiga cikinsa a duk Sule Tankarkar. Sai da Injiniya ya sake komawa Kano ya sayo wayoyin haɗi, ya rataya mata su reto-reto kamar layu. Kome za ta yi sai ta nemi intanet, a garin da sai an hau tudu ake samun sabis. Wata rana mai neman a buga masa takarda ya zauna tun hantsi, ita kuwa ta ce tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Mutumin ya gaji ya tafi. Injiniya ya ce ai ba kowane talaka take yi wa aiki ba. Ga kuma bazara ta kankama. Da rana ta take, sai jikinta ya yi zafin da za a gasa gurasa a kai, ta ɗauke wuta ɗif ba sallama. Nan ma yana da amsa: abu mai daraja hutu yake so.

Amma a ransa ya tsorata. Bita da azahar ake yi, a ƙarƙashin rumfar kwano. In ta sume a gaban Alhaji Habibullah fa? Ya yi ta saƙawa yana kwancewa, har basirar gado ta zo masa. Mahaifinsa fataucin goro ya yi, kuma duk ɗan gidan goro ya san yadda ake kai kaya mai laushi gari mai nisa cikin zafi: a jiƙa buhu, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa a hanya. Goro bai taɓa ƙorafi ba. Ranar bita Injiniya ya tsoma buhu a randa, ya matse shi sama-sama, ya naɗe 'Yar Dubai da kyau, ya hau acaɓa. A hanya ya sa aka tsaya ya ƙara mata ruwan leda, don shi mutum ne mai kula da amana.

Rumfar ta cika maƙil. Maniyyata daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, maza a gaba, mata a baya. An rataya farin ƙyalle, janareto yana ta kuka. Alhaji Habibullah yana zaune a kujerar gaba da sandarsa. Ba a ba Injiniya lasifika ba, shi ya karɓa.

"Ranka ya daɗe, iyayena maniyyata, yau za ku ga Makka kamar ku miƙa hannu ku taɓa. Shekarun baya haƙuri kuka yi da kayan gwanjo. Bana Allah ya kawo ku zamani. Ni da na san waɗannan wurare..." Ya ɗan tsaya, don ya hango alhazan gaskiya suna kallonsa. "Wato, a ilmance."

Ya warware buhun a hankali. Ya buɗe ta. Ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, yana kallon jama'a yana murmushi. Shiru. Ya sake dannawa. Ya danna da babban yatsa. Ya ɗaga ta sama ya duba ƙarƙashinta, sai ruwa ya ɗiga daga ɗan ramin nan guda ɗaya, ya sauka a kan takalminsa. Wani dattijo ya ce a zare batirin a shanya ta, ai haka aka yi wa Gwaggo. Injiniya ya juya ta gaba da baya, babu ƙofa babu ƙusa, an liƙe ta ruf kamar gwangwanin madara. Ya ce laifin janareto ne. Ya ce laifin wayar majigi ne. Ya ce akwai maƙiya a wurin. Gumi ya jiƙa makawiyar har ta sauya launi, kujerar Makka kuwa yana ganinta tana yin nisa.

Ana cikin haka sai aka jiyo karatu yana tashi daga bayan rumfa, da wani gurnani da kowa ya sani. Rahamatu ce ta biyo taro da zoɓonta, ta ɗora Gwaggo a kan kular zoɓon. Shugaban ƙungiya ya ce a kawo ta. Injiniya ya taka har can, yana jin idon mata a bayansa, ya sunkuya ya yi ƙasa da murya.

"Ke, miƙo ta nan."

"Aro dai ko, Baban Khairiyya?"

"Aro, aro. Yi sauri."

Aka ɗora Gwaggo a tebur, da ɗigon zoɓo a murfinta. Wayar majigi ta shige raminta daram. Faifan bitar bara yana nan cikinta, ba wanda ya fitar. Aka danna, fanka ta yi gurnani, sai ga Ka'aba a kan farin ƙyalle. Tsofaffi suka ɗau kabbara, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Da Injiniya ya yi shiru a nan, da ya tsira. Amma ya ji wani a baya yana cewa ashe dai Gwaggon ce, sai ya sake fizgar lasifika.

"Jama'a, kada a yi mini mummunar fahimta. Wannan tsohon ƙarfe ba nawa ba ne. Na iyali ne, ara na yi don lalura. Ni tawa ga ta nan, hutawa take yi."

Da aka gama, Alhaji Habibullah ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce ya ji daɗi, Allah ya yi albarka. Sannan ya tambaya, na'urar da ta yi aikin ta wace ce? Injiniya ya buɗe baki, amma Malam Cindo ya riga shi: ta Rahamatu ce, a gabansa aka ba ta halak malak, ga shi kuma mai bayarwar ya sake faɗa yanzu da lasifika.

"To, madalla," in ji dattijon. "Ni a sana'ata, in na ɗauki raƙumi ya kai mini kaya, mai raƙumin nake sallama. Ban taɓa yin wani lissafi ba wannan ba. A rubuta sunan yarinyar."

Injiniya ya matso gaban dattijon. Sai wata dabara ta faɗo masa, ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ai mace ba ta tafiya babu muharrami!" Daga layi na biyu wani mutum ya ɗaga hannu a hankali. Hussaini ne na Gagarawa, yayan Rahamatu uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya biya kujerarsa tun kaka.

Haka Alhaji Injiniya ya sake raka alhazai filin jirgi. Ya san wurin tsayuwa, ya tsaya bakin shingen nan, ya ɗaga hannu har jirgin ya ɓace. 'Yar Dubai tana can Kano wajen masu gyara, sun ce in an buɗe ta ba ta rufuwa. Shago kuwa dole a buɗe, don haka kowace safiya yake ɗaukar Gwaggo, da izinin da ya nema kafin mai ita ta tafi Makka.

Hajiya Rahamatu ta dawo lafiya, da haƙorin Makka yana walƙiya. Allon shago yana nan yadda yake, sai dai babu mai karanta shi. Daga tasha har kasuwa, in baƙo ya tambayi mai kwamfuta, sai a ce ya miƙe ya tambayi shagon Mijin Hajiya. Ba ta manta da shi a tsaraba ba. A gaban 'yan barka da zuwa ta zaro sabuwar hula daga jaka, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Ga wannan, Baban Khairiyya, ka huta da waccan. Ita wannan ta je."