Ba a Ɗaura wa Zomo Ɗamara

"...ya gajiya kuma? Af, na manta, ku ba kwa gajiya. Kafin ta iso kun ratse gefen hanya."

Da wannan Kaka Tapsabei ta tarbi ƙanena Kimaiyo, tun bai gama durƙusawa ba. Yammacin Asabar ne, ina bakin murhu ina tuƙa tuwon masara. Shekara da shekaru yaron nan aikin zomo yake yi. A sa shi gaba ya ja manyan 'yan tsere, ya tare musu iska da ƙirjinsa, in an kai allon da aka ce masa sai ya fice gefe ya bar masu suna su ƙarasa. Gobe ne karon farko da zai yi gudun don kansa, a tseren Eldoret. Kocinsu kuma bai ɓoye masa ba: in bai kai ƙarshe cikin na gaba ba, ya kwashe takalmansa ya bar wa yara gadonsa a sansanin Iten.

"Lafiya lau, amarya," in ji Kimaiyo. "Ina haƙoran? Har yanzu suna yawon duniya?"

"Sun tafi neman lambar da ka ciyo. Sun ce ba za su dawo ba sai sun gan ta. Ina saƙona?"

Ya miƙa mata leda. Ta zura hannu, ta fito da ganyen shayi, ta fito da sukari, ta juya ledar ta kakkaɓe.

"Garin tabata fa?"

Ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu. Na ga fuskarsa ta canja. Kimaiyo ba mai mantuwa ba ne, hankalinsa ne ba ya jikinsa.

"Cherop, zo ki gani!" ta kira ni. "Ko aiken ma bai kai shi ƙarshe ba. Ya ja shayi da sukari har gida, da aka zo kan taba ya ratse."

"Lafiyarki nake ji. Hancin nan ya fi gindin tukunyar Yaya Cherop baƙi. Kuma ke ko kunya ba ki ji, ɗan tsere guda za ki aika sayen taba?"

"Ɗan me?"

"Ɗan tsere."

"Wa? Yana ina? Cherop, mun yi baƙo ne ba ki gaya min ba? Ni dai mai gudu nake gani zaune a kan kujerata."

"Ai duk ɗaya ne. Gudu dai gudu ne."

"Ɗaya ne a gidan ubanwa? Ubanka dai ni na haife shi, na san bai koya maka haka ba. Mai gudu ai kowa ma. Ɗan makarantar da ya makara mai gudu ne. Turawan nan da ke zuwa su yi jajawur a kan hanyarmu, harshe a waje, masu gudu ne. Ni kaina in cikina ya ɓaci ba a hankali nake zagayawa ba."

"To malama, ɗan tsere fa?"

"Shi ne wanda in ya ji numfashin mutum a ƙeyarsa ransa ke ɓaci. Kai kuwa in ka ji ana huci a bayanka daɗi kake ji, wai aikinka na kyau. Ba na gan ka a talabijin ɗin kantin Arap Sang ba? Kana waiwaye kana yi musu hannu, ku zo, ku zo, kamar mai kiran kaji."

"Kajin nan da kike faɗa, ba don ni ba da duniya ba ta san sunansu ba. Zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara."

"Daji suka tara, amma giwa ake ɗauka hoto."

"Hoto ake ci? Kwanon rufin nan da kike minshari a ƙarƙashinsa, gumin zomo ne."

"Na gode wa zomo. Shi ya sa kusurwar can ke yoyo, shi ma rufin bai ƙarasa ba."

Sai da na ajiye muciya na yi dariya. Kimaiyo ya nuna ta da yatsa.

"To mijinki na fari fa, abokin kishina da kike cika mana kunne da shi? Shi ɗan tsere ne ko ɓarawon shanu?"

"Kul! Kakan naka? Shanun ne suka gan shi suka ji suna sonsa, suka biyo shi."

"Tun daga kwarin Kerio har nan, masu shanun na bayansa da kibau."

"To ka gani. Shi allo aka kafa masa aka ce ya huta a nan? In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Kai sa gudunka ɗan agogon hannu ne, ɗan ƙit-ƙit ɗin nan da kake duba kamar mai jiran mota."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Shayin da na zuba masa ya huce a hannunsa. Idonsa na kan bango, inda gorar Kaka ke rataye. Kwanakin baya da hannunta ta goge cikin gorar da gawayi, ta cika ta da madara, ta toshe. Yanzu madarar ta zama mursik, kindirmonmu na gora, tsaminsa har tsakar gida.

"Amarya," ya ce, ya sassauta murya. "Ɗan sam min. Kurɓi ɗaya."

"Wane mutum! Tun da nake ban taɓa ganin an ba mai tafiya ba. Wanda ya dawo ake ba, wanda ya taka layin ƙarshe da ƙafarsa."

"Ai na sha dawowa."

"Ka sha dawowa a motar kwashe waɗanda suka tsaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka ma gorata."

"Rowa dai! Tsohuwa mai gadin nono. Yau zan sake ki kowa ya huta."

"Bismillah, fara. Kai da ba ka ƙarasa abu, a tsakiyar sakin za ka ratse, in kwana rabina matar aure rabina bazawara."

Kimaiyo ya ajiye kofin a ƙasa, ya riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu kamar mai hana su tashi.

"Kaka," ya ce. Ba amarya ba, Kaka. "In ƙafafun suka ƙi fa?"

"Suka ƙi me?"

"Suka ƙi wuce allon. Sun san shi, Kaka, sun fi ni saninsa. Makon jiya koci ya kai mu gwaji a kan hanyar tseren. Ina lafiya lau, numfashina daidai, ni ne a gaba. Ina hango allon nan, ban san lokacin da na tsinci kaina a kan ciyawa ba. Ban yi niyya ba. Yara suka wuce suna kallona. Koci bai ce komai ba, ya dai cire hula ya sosa kai." Ya sunkuyar da kai. "Abin da ke bayan allon nan ban taɓa ganinsa da mutane a kusa da ni ba. Waɗanda suka je sun ce a can ne ƙafa ke zama itace. Tsoro nake ji."

Ni ma tsoron ne ya kama ni, har tuwona ya fara kamu ban ji ba. Ba gonar da zai dawo ba ce ta dame ni, noma ba abin kunya ba ne. Amma na san mutanen tudun nan da baki. Har ya tsufa za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya zaga duniya da gudu bai taɓa isa ko'ina ba.

Kaka ta jawo ɗan gwangwanin tabarta, ta buɗe, ta tuna babu komai a ciki, ta ja tsaki.

"Allon nan, a ina yake?"

"Bayan gada, wajen masu gasa masara."

"Dama kake ratsewa ko hagu?"

"Hagu. Me ya sa?"

"Cherop, in kin sauke tukunya ki je ki ce wa ɗan Arap Sang mai babur ya zo min da sassafe."

"Ina za ki?" na ce. "Gobe Lahadi, coci fa?"

"Fasto ya yi haƙuri, ai shi ma talabijin zai kalla. Kujerata zan ɗauka in dasa a gindin allon nan, ta hagu, da sandata. Ciyawar wurin tawa ce gobe. Ka ratso ka gani."

Kimaiyo ya ɗago kai. "Ke? A kan babur? Iska za ta yi gaba da ke kafin ku kai kwalta."

"Sai in riga ka isa, ba sabon abu ba ne."

"Duniya za ta gan ki kina dukan ɗan tsere."

"In ya ratso ai ba ɗan tsere ba ne, zomo ne. Zomo kuwa in ya shigo min gona ba na gaishe shi."

"'Yan sanda za su kama ki."

"Su kama. In ce mijina ne, tsakanin mata da miji sai Allah."

Ta yunƙura za ta nuna masa yadda za ta ɗaga sandar, sai mayafinta ya zame. A ƙugunta akwai leketio, tsohuwar ɗamarar fatarta mai jeren wuri, an ɗaure ta tamau har ta shige cikin riga. Rabona da ganin ɗamarar nan tun babanmu na soja a bakin iyaka. Uwa ba ta ɗaura ta sai nata ya tafi inda ake jin tsoro, kuma ba ta kwancewa sai ya dawo. Duk jiragen da Kimaiyo ya hau zuwa ƙasashen waje, ko sau ɗaya ba ta ɗauko ta ba.

"Yaushe kika ɗaura?" ya tambaya.

"Ran da aka ce an sa sunanka." Ta ja mayafin da sauri tana hararar sa. "Me kake kallo? Ba a ɗaura wa zomo ɗamara, shi an san inda zai tsaya. Matse ni take yi, ko tuwo da ƙyar yake wucewa. In kana so matarka ta ci abinci gobe, ka san ta inda za ka bi."

Ya kalle ta. Sannan dariya ta ƙwace masa, ta gaske wannan karon, yana yi yana goge ido da bayan hannu.

"Ashe dai kin yarda ni ɗan tsere ne."

"Ɗamarar ce ta yarda. Ni sai na gani."

"Na sallama, amarya. Kin ci."

"Yau ka fara sani?"

Ta miƙe da ƙyar, ta sauko da gorar daga bango, ta wuce shi da ita a gaban hancinsa, ta danƙa min.

"Ke za ki riƙe. Ki tsaya a bayan layin ƙarshe. A bayan layi na ce, Cherop, ko da taku ɗaya kada ki matso masa da ita."

Kimaiyo ya tashi yana gyara igiyar takalmi. "Bari in ruga in karɓo miki tabar kafin a rufe kanti."

"Zauna!" Ta buga sanda a ƙasa. "Zauna ka ci tuwo. Aike ɗaya nake so ka ƙarasa min, kuma ba na taba ba ne."