Ranar da Na Kai Guɗa Gidan Mara Lafiya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da kalmar admit ta kunyata ni ba.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, ni kuma ina ɗinki a Sabon Gari, ba ni da ita. Maƙwabciyata Mama Ngozi ke amsa mini kira. Ƙanwata Ladi tana Bomo wajen Gwaggo Saratu, ta daɗe tana jiran gurbi a jami'a, kullum maganarta admishan, admishan.

Ina kan keken ɗinki sai Mama Ngozi ta leƙo: "Dem don admit your sister for Samaru!"

Samaru kuwa can jami'ar take, don haka ban tsaya jin ƙarshen zancen ba. Na rufe shago, na sayi kiret ɗin lemo, na tattaro matan zumuntar cocinmu (har da mai ganga, Allah ya yafe mini), muka cika motar Samaru muna waƙa.

A ƙofar gidan Gwaggo na rangaɗa guɗa. Gwaggo ta fito da fulas a hannu, idanu jajur. Na ɗauka kukan murna ne.

"Kin ji labari ke nan," in ji ta. "Tun jiya aka ba ta gado."

"Har da gado? Yabo ga Ubangiji! Wasu ɗaliban sai su shekara ba su samu ɗaki ba!"

Mai ganga ta ƙara wuta. Gwaggo ta dube ni, ta dubi kiret ɗin.

"Ke, lafiyarki kuwa? Taifot ne. Yarinya tana asibiti ana ƙara mata ruwa, kin zo mini da kiɗa?"

Gangar ta mutu. Wata daga baya ta ce a hankali, "To, mu yi addu'a." Haka muka ɗunguma asibiti da ankonmu, ni ce ɗauke da lemon.

Da Ladi ta ji, ta yi dariya har robar ruwan tana rawa. "Yaya, ki yi admit kawai, Turanci ya kayar da ke."

"Ni ma gado za a ba ni?"

Ashe wai amsa laifi ma admit ne. Kalma ɗaya, makaranta, asibiti, kotu!

Ladi ta warke sarai. Ni kuwa tun daga ranar, ko cewa aka yi an ɗauki wani, sai na tambaya: a ina, kuma da ƙafarsa ya shiga?